Kurkunun da Na Ja da Hannuna

Daren Lahadi, goma ga Rajab, Illela.

Ƙafar ta kumbura har gwiwa. Kwana tara Audu wanzami yana naɗe kurkunun nan a jikin tsinke, kullum kaɗan, yana gargaɗina kada in taɓa. Jiya na ƙosa, don ayari zai tashi ba ni, na ja shi da kaina. Ya katse a ciki.

Da safe Audu bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mi ya kai ka, Malam? Kwana uku ya rage." Ya tsaga da aska, ya matse mugunyar, ya ɗaure.

Da azahar dogarai suka zo ɗibar masu yi wa Bature dako. Sunana suka kira. Da suka ga ƙafar, sai suka tafi da ƙanena Sani.

Matarsa ta kawo mini fura, ta ajiye, ba ta ce mini sannu ba.