Muryata a Motar Masaka

Asabar, 4 ga Mayu, 2024

Makirufo ya iso. Yamusa ne ya kawo shi har gida Masaka, a naɗe cikin tawul kamar jariri. Mun yi magana mun gama: ni zan rubuta, shi zai karanta, mu sa a intanet kashi-kashi, abin nan da ake cewa fodkas. Yamusa tun muna makaranta muryarsa irin ta masu labaran rediyo ce. Ni kuwa na saba da baya. A ma'aikata ni nake rubuta wa Darakta jawabi, ya tashi ya karanta, a tafa masa. Mai in'ina me ya haɗa shi da makirufo.

Labarin na Larai ne, mai gasa masara a bakin titin Keffi. Mijinta ya tafi aiki wata masana'anta a Idu, bai dawo ba, ta rufe murhunta ta bi sawunsa.

Asabar, 11 ga Mayu

A cikin wadirof muka ɗauka, tsakanin atamfofin matata Surayya, don ɗakin yana amsa-kuwwa. Ta tsaya bakin ƙofa tana dariya, wai ta auri miji ya koma zama da kayanta.

Da na sa abin ji a kunne sai na kasa motsi. Na ji turmin maƙwabta, na ji kwandasta can bakin titi yana kiran Nyanya, na ji numfashin Yamusa kafin ya buɗe baki, har haɗiyar yawunsa. Duk shekarun nan a cikin wannan surutun nake zaune ban taɓa jin sa ba. Ikon Allah.

Litinin, 13 ga Mayu

Elizabeth ta ofishinmu ta yarda za ta yi muryar Larai. 'Yar Kafanchan ce. Ta karanta shafin farko a tsaye a bakin teburina, ta ɗago ta ce, “Oga Rilwan, wannan mata ya ba ni tausayi fa. Mijin nan zai dawo kuwa?” Na ce ban sani ba tukuna. Ta zaci ɓoye mata nake yi.

Lahadi, 26 ga Mayu

Kashi na ɗaya ya fita. Wani ya saurara daga Jidda. Jidda fa. Daga cikin wadirof.

Juma'a, 7 ga Yuni

An yi wa Yamusa canjin wurin aiki zuwa Fatakwal, Litinin zai tafi. Ya ce zai riƙa ɗauka da waya yana turowa. Mun gwada ɗazu, kamar mutum yana magana daga cikin rijiya. Kashi na biyu yana nan a rubuce, Elizabeth ta gama nata, saura mai ba da labari.

Na faɗa wa Surayya ina ganin a nan zai tsaya. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, “Abban Kauthar, kai ka rubuta, kai ka san inda ake numfashi. Ka karanta abinka.” Na ce kin san dai yadda nake. Ta ce ta sani, a haka ta ji ni ta aure ni.

Raina ya ɗan ɓaci, ban san da wa ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Surayya da Kauthar sun tafi bikin suna a Mararaba, gidan ya rage ni kaɗai. Na shiga wadirof na ja ƙofa.

Shafi ɗaya ya ci mini hantsi gaba ɗaya. “Ba” da “ma” ne suka fi kama ni, kamar kullum. Na fito jiƙe da gumi, na zuba abin a kwamfuta don kawai in goge. Sai na gan ta. Muryata, a zane, tudu da kwari kamar duwatsun hanyar Zuba. Ga in'inar nan a fili, 'yan ƙananan tsaunuka a jere iri ɗaya, sannan dogon fili inda na maƙale. Abin da nake fama da shi tun ina yaro, ashe yana da siffa, ana iya nuna shi da yatsa.

Na zaɓi wuri ɗaya na yanke. Na kunna.

Wani mutum ya yi magana tiryan-tiryan, da muryata. Na sake kunnawa. Na yanke na gaba, da na gaba. Da suka dawo Surayya ta same ni zaune a ƙasa, ta ce lafiya. Na miƙa mata abin ji kawai. Ta saurara har ƙarshe, ta cire, ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Ya yi daɗi.” Ba ta ƙara komai ba, kuma ba halinta ba ne.

Alhamis, 13 ga Yuni

Yankan yana cin lokaci fiye da rubutun. Ba na gajiya. Har numfashi nake ɗaukowa daga wani wuri in liƙa a wani.

Talata, 25 ga Yuni

Abin da ya faru yau sai na rubuta shi kafin ya gushe.

Na shiga motar Masaka daga Area One bayan tashi aiki. Gosulo ya kama mu a gadar Nyanya, ruwa yana zuba. Direba ya haɗa wayarsa da sifikar mota, sai na ji ƙarar garwashin Larai, wanda na ɗauka da kaina a murhun gidanmu. Sannan muryata ta cika motar.

Na sunkuyar da kai. Ba wanda ya dube ni, me zai sa. Wani dattijo mai buhun albasa a gefena ya ce mijin nan guduwa ya yi, ya san irinsu. Wata mata a baya ta ce a'a Baba, injin ne ya ci shi, kamfani suka ɓoye. Suka kama musu sosai, har kwandasta ya sa baki. Direba ya ce don Allah a yi shiru, ana zuwa wurin da Larai za ta isa get ɗin masana'antar. Aka yi tsit. Mota cike da mutane, kowa da gajiyarsa, suna jiran matar da ba ta taɓa rayuwa ba sai a kaina.

Dattijon ya zungure ni ya ce, “Malam, kai me ka gani?” Na buɗe baki, “ma” ta riƙe ni. Ya jira kaɗan, ya juya ga wani. A sifika kuwa ina ta zuba ba gargada.

Na wuce inda nake sauka, sai da na dawo da ƙafa.

Asabar, 29 ga Yuni

Kubra ƙanwata ta kira daga Funtuwa. Ta kunna wa Inna kashi na uku. Wai Inna ta saurara da kyau, ta ce wannan bawan Allah ya iya ba da labari, ɗan wane gari ne. Kubra ta ce Yaya ne ai. Inna ta ce a'a. Aka sake kunna mata. Ta ce, “Na san maganar ɗan nan. Shi yakan tsaya ya jira kalma, ni ma in tsaya in jira shi. Wannan ba ya jiran kowa.”

Kubra dariya take yi tana faɗa mini. Ni ma na yi.

Lahadi, 30 ga Yuni

Ban ɗauki komai ba yau.

Laraba, 3 ga Yuli

Na tambayi Surayya me ya sa ranar nan ta ce ya yi daɗi kawai. Ta ce don ya yi daɗi. Na matsa. Ta ce, “Kamar na ga hotonka ne an goge maka tabon goshi. Kyau dai ya yi kyau.”

Lahadi, 14 ga Yuli

Kashi na huɗu. A nan ne Larai take samun maigadin masana'antar, ya faɗa mata abin da ya gani. Da na zo layin da ke cewa ba ta yi kuka ba, na maƙale a “ba” ɗin nan na tsawon lokaci. Wurin yanka na sa hannu, na saurara, na sake saurara. Shirun ya zauna daidai inda Larai ta yi shiru. Na bar shi. Na bar wasu ma a gaba. Wuta ce ba ta da tabbas yau, gara in gama da wuri.

Da na danna turawa sai na tuna ranar da aka fara tashe ni karatu a aji.

Talata, 16 ga Yuli

Wani ya rubuta a ƙasa wai faifan yana tsalle, a gyara. Wani ya ce a dawo da mai karatun da. Elizabeth ta ce ita tana cin abinci take saurare, a inda na maƙale ɗin nan ne ta ajiye cokali. Yamusa ya turo saƙo: “Ka ci gaba a haka.” Ban san wa zan bi ba.

Asabar, 20 ga Yuli

Kubra ta kira da safe. Ta kunna wa Inna na huɗun a tsakar gida, jikoki suna ta hayaniya. Da aka zo inda na maƙale, ɗaya daga cikinsu ya fara dariya. Wai Inna ta ɗaga hannu ta ce, “Ku bar shi, zai faɗa.” Ta zauna da hannun a sama har kalmar ta fito.

Na ce wa Kubra to madalla, na tambaye ta ruwa ya sauka a can kuwa.

Na ɗauki na biyar ɗazu. Har yanzu ban buɗe wurin yankan ba. Lalaci ne kawai, ina jin.