Jirgin da Ya Leƙa Gidan Takaba

Zuwa ga Mai Girma Manaja,
Kamfanin da ke shigo da jiragen ɗaukar hoto marasa matuƙi,
Reshen Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kai da iyalinka da ma'aikatanka kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya zafin bazara? Allah ya kawo mana damina mai albarka, amin.

Sunana Habibu, magini ɗan magini, haifaffen Dala. Kai ba ka san ni ba, amma ma'aikatanka na kanti sun san ni sarai, har sun fara sunkuyar da kai cikin waya da zarar sun hango hulata. Duk zuwan da na yi neman ganinka, amsar guda ce: oga ya fita. Shi ya sa na rubuto a fili. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, domin ba ɓata muku kasuwa na zo yi ba, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Tun a nan ina so ka sani ba da tsarkakakken hannu na zo ba. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa ya yi mini nauyin da ba zan iya taka shi ba, don haka zan faɗe shi tare da naku.

Na ɗaya: yadda nake aiki da jirginku.

Ginin ƙasa muka gada, da daɓen soro da gyaran indararo. Shekarun baya na faɗo daga tsani, gwiwata ta dama ba ta sake komawa daidai ba. Sai na sayi jirgi a kantinku, irin samfurin da yanzu kuke kira tsohon yayi. Idan damina ta gabato mutane sukan kira ni, in ɗaga shi a kan soronsu, in ga inda ya tsage da inda ruwa ke kwanciya, in san aikin da za a yi ba tare da na hau ba.

Wataƙila ba a cikin birni ka tashi ba, bari in yi maka bayani. Gidajenmu katanga ce ke kare su ta gefe, amma ta sama a buɗe suke. Tsakar gida wurin mata ne. A nan suke girki, a nan suke wanki da kitso, a nan suke sakewa. Shi ya sa babanmu bai taɓa ɗora ƙafa a kan tsani ba sai ya ɗaga murya ya ce, "A kimtsa, magini zai hau sama," kuma sai ya aika maƙwabta an faɗa musu. Lokacin da na kawo jirgi dattawan unguwa ba su so ba. A gaban mai unguwa na yi musu alkawari cewa idon jirgin zai riƙa kallon gaba, ba zai sunkuya ƙasa ba sai ya kai kan soron da aka kira ni dominsa, kuma gidajen da ke jikin wannan soron zan sanar da su kamar yadda babanmu yake yi. Tsohuwar manhajar da nake sarrafa jirgin da ita a waya tana da wurin kulle kan kyamara, kuma duk abin da kyamarar ke gani ina ganinsa a fuskar waya. Na yi shekaru a haka, ko mutum ɗaya bai taɓa kai ƙarata ba.

Na biyu: abin da aka gaya mini a kantinku.

Bana wayata ta mutu. Sabuwar da na saya ta ƙi karɓar tsohuwar manhajar, wai an daina yin ta. Na zo kantinku da jirgi da waya, wani ma'aikacinku ya saka mini sabuwar manhajar da aka yi wa sababbin jirage. Na tambaye shi ƙarara ko za ta yi aiki da tsohon nawa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ai duk kanwar ja ce." Muka fito bakin kanti, jirgi ya tashi, ya yi shawagi, ya sauka lafiya. Babu wanda ya duba kyamara, ba shi ba, ba ni ba.

Na uku: ranar da abin ya faru.

An kira ni duba soron wani gidan gado a unguwarmu. Lungun ya yi matsi, babu wurin tashi, sai na tsaya a filin da ke gaban masallaci, ta yadda jirgin zai tsallake wasu gidaje kafin ya isa. Na aika gidajen da ke jikin soron a kimtsa. Na kan hanya kuwa ban aika ba, tunda na kulle kyamara, kuma alamar kullewar tana nan a fuskar waya. Na danna ɗauka kamar yadda na saba, jirgi ya tashi.

Yana tashi hoton ya ƙame. Katangar masallaci ce kawai a tsaye a waya, ba ta motsi. Ranka ya daɗe, a nan ya kamata in sauke shi. Na san haka a lokacin, ba daga baya na sani ba. Amma babban ɗan gidan, wani Alhaji da ya zo daga Abuja, yana tsaye a gefena yana duba agogo, zai kama hanya. Na ji kunyar ya ce kayan aikina sun tsufa. Sai na tuƙa jirgin da idona, tunda na san soron, na zagaya da shi na dawo. Na tura wa Alhaji bidiyon a wayarsa ban kalla ba. Shi ma bai kalla ba ya tura zauren danginsu na waya, don 'yan'uwa su ga halin da gidan yake ciki.

Ashe tun daga tashi kyamarar ƙasa take kallo. Kullewar da na yi umarni ne da sabuwar kyamara kaɗai take ganewa, tsohuwar tawa ba ta san ana yi ba, ita kuma manhajar tana ta nuna mini cewa an kulle. Wannan ba ƙirƙirata ba ce. Wani ma'aikacinku ne, ba na farkon ba, ya faɗa mini daga baya cewa sabuwar manhajar tana iya tuƙa tsohon jirgi amma ba ta gama fahimtar kyamararsa ba, kuma wai an daɗe da sanin haka. An daɗe da sani, amma ni da nake shawagi a kan gidajen mutane ba a ga ya dace in sani ba.

Na huɗu: wadda abin ya faɗa wa.

Gidajen da jirgin ya tsallake duk babu kowa a tsakar gida saboda rana, sai guda ɗaya. Wata tsohuwa ce, aminiyar mahaifiyata mai rasuwa, zan kira ta Inna kawai. Ba zan faɗi sunanta ko lungunsu ba, ba kuma zan faɗi abin da aka gani ba, don kada in sake yi mata da alƙalami abin da na yi mata da jirgi. Iyakar abin da zan ce, babu komai na saɓo. Tsohuwa ce a cikin gidanta, cikin zafi, tana ganin babu mai ganinta sai Allah. Kuma tana cikin takabar mijinta. A kwanakin nan ko ƙannen marigayin daga zaure suke gaishe ta su juya.

Wani a cikin dangin Alhaji ya gane ta, ya nuna wa wani, har maganar ta kai kunnen 'yarta. Alhaji ya roƙi kowa ya goge, kuma na yarda da yawa sun goge. Amma abin waya kamar magana ne, zarar bunu.

Na je gidan. Na tsaya a zaure. Na so ta zage ni, wallahi na so. Sai na jiyo muryarta daga ciki tana ce wa 'yarta, "Habibu ne? Ai ɗana ne, ki ce masa na yafe." Tun daga ranar abinci bai sake yi mini daɗi ba. Matar da ta goya ni a bayanta lokacin da uwata ke jinya, ni ne na kai ta wayoyin mutanen da ba ta taɓa gani ba.

Na biyar: halin da ake ciki yanzu.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta aiko a kira ni. Na ɗauka faɗan da ta riƙe ne za ta sauke, ashe aiki za ta ba ni. Ta sa an sayo tampol, tana so a rufe mata tsakar gida daga katanga zuwa katanga, kuma ta ce ba ta yarda wani baƙon magini ya hau mata gida ba sai ni. Da wannan gurguwar gwiwar na hau tsani na ɗaure shi. Ban taɓa yin aikin da na tsana kamarsa ba, kuma na yi shi da kyau, don ba ni da bakin musu.

Yau tsakar gidan Inna duhu ne da rana tsaka. Hayaƙin murhu ba ya samun hanyar fita, zafi ya taru kamar cikin tukunya, ta fara tari. 'Ya'yanta sun yi roƙon duniya a cire, ta ƙi. Ta ce za ta cire ranar da aka tabbatar mata hotonta ya fita daga ko'ina, kuma babu wani ido da zai sake zuwa ta sama. Na rantse mata na rufe jirgina a akwati. Ta yarda da ni, amma ba nawa kaɗai ne a garin ba. Masu ɗaukar hoton biki da yawa irin samfurina gare su, kuma na san wasu a kantinku aka saka musu wannan manhajar. Duk sanda ta ji ƙugin jirgi, ko daga wajen Goron Dutse ne, sai ta shige ɗaki.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali a matsayina na magini. Katangun gidan na ƙasa ne, tsofaffi. Idan ruwan farko ya sauka, tampol ɗin zai tara ruwa ya yi ciki, ya ja katangun da na ɗaure shi a jiki. Ta gabas ba za ta jure ba, kuma ɗakin Inna a jikinta yake. Na faɗa mata, ta ce Allah ne mai tsarewa.

Na goge bidiyon daga katin jirgi da wayata. Amma ranar da aka saka mini manhajar an buɗe mini asusu, aka ce tana ajiye ƙaramin kwafi a ma'ajiyar kamfani. Na tambayi ma'aikatanka ko wancan ma ya gogu. Ɗaya ya ce e, ɗaya ya ce bai sani ba, na ukun ya ce in sayi sabon samfuri zai yi mini ragi. Har na yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo.

Na shida: roƙona.

Ba na neman diyya, ba na neman sabon jirgi. Na koma tsani, kuma na ga ya dace da ni. Abin da nake roƙo shi ne:

Ku bincika ko kwafin bidiyon yana ma'ajiyarku ko ta masu ƙera jirgin. Idan yana nan a goge shi, a ba ni tabbaci a rubuce da sa hannunka.

Ku yi sanarwa a rediyo, da Hausa, ku lissafa tsofaffin jiragen da kyamararsu ba ta jituwa da sabuwar manhajar, ku nemi masu su su dakata da tashi a kan unguwanni. Inna tana jin rediyo. Idan ta ji da kunnenta, zai fi rantsuwata tasiri.

Ku isar wa masu ƙera jirgin cewa ko dai su dawo da tsohuwar manhajar, ko su sa sabuwar ta ƙi tayar da jirgin da ba ta san kyamararsa ba. Gara ya ƙi tashi da ya tashi yana yi wa mai shi ƙarya. Wataƙila a ƙasarsu kowane gida a rufe yake ta sama, ku gaya musu namu ba haka yake ba.

Sannan ku ja kunnen ma'aikatanku. Jirgi ya tashi ya sauka ba shi ne gwaji ba.

Ranka ya daɗe, ina roƙon Allah ya yi wa kasuwancinka albarka, ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya suturta iyayenka mata da iyalinka a cikin ɗakunansu, kada ya jarrabe ka da ganin naka a hannun baƙi. Ni ma ina neman addu'arka, Allah ya yafe mini gaggawata.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da maraice. Kullum idan na je duba katangar, Inna takan aiko 'yarta zaure da tambaya guda: an goge? Ni kuma in ce ana kan bincike. Sau da yawa zuciyata ta raya mini in ce e kawai, in hau in kwance tampol ɗin, a wuce wurin. Na kasa. Na riga na cuce ta da ido, ba zan ƙara mata da ƙarya ba. Don haka ka ba ni amsar da zan kai mata kafin ruwa ya sauka. Idan ma amsar a'a ce, ka rubuto a'a ɗin, ni zan tsaya a zauren in faɗa mata da bakina.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Habibu Magini,
Dala, cikin birnin Kano.