Inda Na Ajiye Janaretan Baba

Zuru, Jihar Kebbi.

Zuwa ga Yaya Japhet,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, kai da Peculiar da yara, Allah ya tsare ka a bakin aikinka can Fatakwal. Mu nan da sauƙi. Masu zuwa gaisuwar Baba sun ragu, Mama ta fara cin abinci kaɗan kaɗan. Kada ka damu da rashin samun izinin zuwa jana'iza, kowa ya san aikin soja. Na rubuto ne don akwai maganar da bakina ya ƙi faɗa a waya, kuma ban gaya wa kowa ba.

Ka tuna esin nan, na'urar sanyaya ɗaki, da ka aiko a sa wa Baba a ɗaki saboda zafi? Bai kwana uku a bango ba. Kai ka san Baba da kafiya. Ya ce shi a gona yake wuni, me zai yi da sanyi a gida? Tsohuwar bas ɗin nan da ya cire wa kujeru ya sa katifa, wadda yake tuƙawa zuwa gonarmu ta hanyar Mahuta ya zauna a cikinta, can ya sa Lawwali mai gyaran firji ya ɗaura shi. Lawwali ya gaya masa na gida ne, ba a yi shi don jijjigar hanya ba. Haka kuwa aka yi. Sau biyu bututun yana tsagewa gas ya zube, ƙarfen da ya riƙe na wajen ya karye sai da aka yi walda. Baba dai ko a jikinsa. Da yake wutar mota ba ta ɗaukarsa, sai da ƙaramin janareta. A gabana Lawwali ya ce a riƙa ajiye janaretan nesa, a fili, kada hayaƙinsa ya kusanci motar. Da kunnena na ji, Yaya.

Ranar Talatar nan na kai masa abincin rana. Zafi kamar a bakin murhu. Ya ci, ya ce zai ɗan kishingiɗa, ya kunna esi. Sai ga hadari ya taso daga gabas. Ni kuma tsoron kada ruwa ya lalata masa inji ya yi ta faɗa, sai na ɗauke janaretan yana aiki na tura shi cikin but ɗin bayan motar, na saukar da murfin ban rufe duka ba. Na ja masa ƙofa don sanyi ya zauna, na tafi bukkar maƙwabta na fake. Ruwan bai fi awa ɗaya da rabi ba.

Da na dawo na buɗe ƙofa, kaina ya sara nan take. Yana kwance yadda na bar shi, hannu ɗaya a ƙarƙashin kai. Na kira shi, na girgiza shi. Kafin in yi ihu, sai da na kashe janaretan na mayar da shi gindin ɗorawa inda yake zama. Har yau ban san wadda ta yi wannan ba, amma hannuna ne. A asibiti aka ce zuciya ce, tunda dama yana da hawan jini. Da Lawwali ya zo gaisuwa ya tambaye ni a hankali inda injin yake ranar, na ce a waje. Ya dube ni, ya tashi ya tafi.

Ban yi kuka ba, ko a bakin kabari. Mutane suna yabon ƙarfin zuciyata. Ba ƙarfi ba ne, ba na jin komai ne kawai. Ina dafa abinci, ina shara, ina zuwa coci, kamar wata ce ke yi ina kallo.

Abin da nake so ka yanke mini shi ne ko in gaya wa Mama. Kai ne babba yanzu, abin da ka ce shi zan yi. Jiya ta kama hannuna ta ce abu ɗaya ke sanyaya mata rai, mijinta ya tafi cikin barci da sanyi, ba wahala, kuma Allah ya yi mini albarka da na kula da shi har ƙarshe. Na ce amin.

Ka gai da Peculiar da yara. Kawu Yusha'u da Mama suna gaishe ku. Ina jiran amsarka, ko da ba mai daɗi ba ce.

Ƙanwarka,
Theresa Dominic