Furannin Gangaren Baba

Ƙauyenmu, Aso
17 ga Agusta

Zuwa ga Yayana Shigetoshi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya ƙugun? Abincin gidan tsofaffin nan dai na san ba gishiri, ka daure ka riƙa ci.

Bikin Bon na tunawa da magabata ya wuce. Na share kabarin Baba da Inna, amma furannin da na ajiye musu na kanti ne, a cikin leda. Shekarata saba'in da huɗu ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Na hau gangaren Baba tun da sanyin safiya da kwandona kamar kullum, na zaga har rana ta take, ban samo ko shuɗin furen higotai ɗaya ba. Ciyawa ce kawai, ta yi ƙiba kamar an ba ta taki.

Taki kuwa aka ba ta. Ka san injin share ciyawa da ƙungiyar makiyaya ta saya shekara biyu ke nan, wanda Noboru mijin 'yata ke tuƙawa daga nesa yana tsaye a inuwa. Ba yanka yake ba, niƙa yake, ya bar dusar a wurin ta ruɓe. A watan Yuli kuma suke sa shi, furanni ba su ko buɗe ba balle su zubar da iri. Da na yi magana sai ya ce, "Haba Inna, ciyawa ai ciyawa ce. Yini ɗaya fa na gama abin da kuke wata kuna yi!" Mutumin da bai taɓa wasa lauje ba.

Ka gaishe da abokin ɗakinka mai minshari.

Ƙanwarka,
Tokie

21 ga Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa. Sanyi ya fara shigowa, ka riƙa sa rigar ulun nan. Wasiƙarka ta iso, na kuma karanta zagin da ka yi wa Noboru har sau uku.

Na ɗauko dogon laujenka na wasa shi. Na yi yadda ka koya mini, na jira iri ya zube, na yanka ciyawar gangaren, na bari ta bushe, na tara da manjagara na kai wa shanun maƙwabta. Kwana tara na yi, abin da na gyara bai fi faɗin tsakar gidanmu ba. A ƙarƙashi kuwa ruɓaɓɓiyar dusa ce baƙa, kaurin tafin hannu. Na tona da yatsuna ina neman saiwar furannin, ban samu ba. Na zauna a wurin na yi kuka.

Ka ce za ka zo taron ƙungiya ka sa a sayar da injin. Kada ka wahalar da kanka. Ka fi ni sanin dokar kakanni: wanda hayaƙin gidansa ya daina tashi a ƙauyen nan ba shi da baki a kan filin kiwo. Shekara hamsin kana yankan gangaren nan, amma ko tabarmar zama ba za su ba ka ba. Haƙƙin gidanmu yana hannuna tun ranar da motar asibiti ta ɗauke ka.

Shi ya sa nake so ka daina zagin Noboru shi kaɗai. Ranar da aka yi shawarar injin, akwai wani ƙarami da aka kawo, mai yanka kamar almakashi ya kwantar da ciyawa. Amma sai an bi bayansa da manjagara, mu tsofaffi kuma mu ne masu bi. Gidaje goma sha ɗaya ne suka rage a ƙauyen. Biyar suka ce mai almakashi, biyar suka ce mai niƙa. Kowa ya juyo yana kallona. Gwiwoyina na ciwo a ranar, Yaya, ga shi ba ka nan. Ni ce na ɗaga hannu na zaɓi mai niƙa.

Ka amsa mini, ko da zagi ne.

Ƙanwarka,
Tokie