Yau Alhaji Bala Aka Tambaya Zancen Sin

Talata da dare, Ƙaura

Yau a majalisa rediyo ya ce Sin ta sake kiran sulhu a yaƙin da Amurka ta tsunduma can nesa. Na gyara zama zan yi bayanin ƙasashe 'yan ba-ruwanmu, darasin da na shekara ina koyarwa. Sai Alhaji Bala dillalin babura, wanda nake ba satar amsa a aji muna yara, ya katse ni.

"Malam, rage turanci. Sin 'yar kasuwa ce. Su yi ta dambe, ita tana sauke kaya."

Aka kwashe da dariya. Da za a watse, shi aka tambaya yaushe yaƙin zai ƙare, ba ni ba.

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Haka ya yi mini a rayuwa: ina ta gardama, yana sauke kaya.