Rumfar Takaba a Gonar Tudu

Gwiwa, Agusta

Zuwa ga Baffa Maikasuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙarin haƙurinmu? Ni ce Sadiyya, 'yar ƙaninka marigayi Ashiru. Na rubuto ne domin ruwa ya cinye wayata, kai kuma na san waya ba ta yi maka, kullum cewa kake ba ka ji. Nafi'u direba zai miƙa maka.

Baffa, gidanmu ya faɗi a ruwan Laraba. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi. An kwashe mutanen unguwarmu zuwa firamare, can aka yi sansani. Kowane aji a cike yake, maza na ta kai da kawo a bakin ƙofa. Inna kuwa takaba take, ko arba'in ɗin Baba ba a yi ba. Da gari ya waye ta ɗauki tabarmarta da butarta ta dawo zaurenmu, shi kaɗai ya rage, shi ma ya tsage tun daga sama har ƙasa. Da hadari ya taso sai in tashi in tsaya ina duban tsagewar.

Alfarma nake nema. Gonarka ta tudu da ke bayan gidanmu, ita kaɗai ce ruwa bai hau ba. Ka ba mu ɗan gefe mu kafa rumfa har Inna ta fita takaba. Na san da gero a ciki, na kuma san abin da ya shiga tsakaninka da Baba a kan wurin. Da ina da wata dabara, wallahi da ban rubuto ba.

Allah ya ƙara girma.
'Yarka, Sadiyya

Babura, Agusta

Sadiyya,

Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri.

To amma ke da karatunki, ina kika taɓa ganin an sare gero ya ɗauki ciki don a kafa rumfa? Hukuma ta yi sansani, ga abinci ga magani. In can bai yi wa uwarki Dela ba, ga gidana, ɗaki biyu ba kowa ciki. Na tambayi limaminmu, ya ce mai takaba tana iya tashi in lalura ta kama. Taurin kai ba ibada ba ne.

Zancen wurin nan kuma kada ki tayar mini. Ubanki ya ce in ba shi tudun ya gina gida, in karɓi kwarinsa. Na ce gado gado ne, kowa ya riƙe rabonsa. Ya yi fushi ya gina a kwari, ya daina gaishe ni. Ni na aike shi?

Ga buhun masara da tamfol nan wajen Nafi'u. Ku shirya, ranar kasuwa zai kwaso ku.

Baffanki

Gwiwa, Agusta

Baffa,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Na karanta wa Inna takardarka, ban ɓoye komai ba, har taurin kan. Dariya ta yi, ta farko tun rasuwar Baba. Ta ce, "Yaya Maikasuwa bai sauya ba, maganarsu ɗaya da ƙaninsa." Daga nan kuma sai kuka.

Ta ce ta san malamai sun yi sauƙi, ba ta ja da su. Amma ta ce a gidan nan aka kawo ta amarya, a nan ta wanke masa kayansa na ƙarshe. In gidan ya ƙi ta, to a bar ta inda idonta zai riƙa ganinsa. Abin da ya rage da za ta yi masa ke nan.

Akwai abin da ta ce kada in faɗa, amma zan faɗa. Shingen gonarka na gabas da ba ya lalacewa, kana zaton ɗan ƙwadagonka ne ke gyara shi? Baba ne. Duk farkon damina sai ya sari ƙaya ya toshe, yana yi yana mita, wai awakin mutane ba za su ci geron gidan ubansa yana kallo ba. Bana ma ya yi, da ciwon a jikinsa. Ban faɗa don ka ba mu wuri ba. Na ga bai kamata a ce ba ka sani ba.

Jiya wani ɓangaren zauren ya zubo. Tamfol ɗinka muka ɗaura a kan abin da ya rage. Ka ce wa Nafi'u kada ya wahalar da motarsa.

'Yarka, Sadiyya

Babura, Agusta

Sadiyya,

Kai, wannan yarinya! Zaure na zubowa kina zaune kina rubutu? Ku fita yau ɗin nan.

Kada ku kafa a gindin gawo, ba ya da ganye da damina, rana za ta gasa Dela. Ku hau sama wajen marken nan, ku sare geron da ke yamma da shi iya yadda zai ishe ku, har da wajen girki da makewayi. Ruwa ba ya kwanciya a nan. Na sani, don a nan ni da ubanki muke kafa bukkar korar tsuntsu muna yara. Shi barci yake yi, ni nake ihu.

Ga zana da gwafanni da wani tamfol. A kewaye da kyau, kada mai wucewa ya gan ta. Wanda ya tambaya, ki ce ni na sa.

Ƙayar nan da kika ce, ta magarya ce? Ita yake so tun can.

Baffanki

Gwiwa, Nuwamba

Baffa,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, ya sanyi? Ta magarya ce.

Inna ta fita takaba ranar Juma'a, lafiya lau. Rumfarka ta riƙe mu, ko ɗigo bai taɓa tabarmarta ba. Mata suna ta zuwa gaisuwa, har suna tsokanarta wai ta fi kowa gida a garin. Kowace safiya takan ɗaga gefen zana ta dubi kangon gidanmu ta yi wa Baba addu'a. Da geronka ya nuna, ita ta hana tsuntsu sakat da gwangwani da igiya tana daga zaune. Ta gasa tumu guda ɗaya kawai, ta ce in gaya maka don ka yafe.

Yanzu an tashi sansanin firamare, kowa na komawa kangonsa. Mu ma za mu koma kwari mu tayar da ɗaki ko ɗaya ne. Sati mai zuwa za mu cire gwafanni mu share maka wurin. Inna ta ce ba ta da bakin godiya. Ni ma haka, Baffa.

'Yarka, Sadiyya

Babura, Nuwamba

Sadiyya,

Kada wanda ya taɓa gwafannin nan. Ba mai komawa kwari.

Ina tafe ranar Asabar da magini. Inda rumfar take, nan ne wurin da Ashiru ya roƙa.

Ki tambayar mini Dela, ina ya so ƙofar gidan ta kalla?

Baffanki