Gidan Sauron Yaya Na Allah

Litinin, 2 Satumba 2024
Yau aka zuba ƴaƴan kifi a tabkinmu, tarwaɗa da karfasa. Kuma ni, Nasiba mai suyar kifi a kasuwar Korgom, ni gari ya zaɓa shugabar komiten tabki. Maza tara, mace ɗaya, macen ce a gaba. Doka biyu muka kafa: ba a su, wato kamun kifi, sai Janairu, kuma duk komar da yatsa uku ba su shiga idonta ba, ba ta taɓa ruwa. Na ji daɗi, ba na ɓoyewa.

Alhamis, 19 Satumba
Makiyaya sun yarda su riƙa shayar da shanu ta gefen gabas kawai. Ni na shawo kan Ardo Ishaƙu, bayan maza sun yi sawu uku a banza.

Talata, 22 Oktoba
Da hantsi na zaga tabki. Wa zan gani a ruwa har gwiwa, yana jan gidan sauro? Yaya Na Allah, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidan sauron da aka raba wa matarsa A'i a likita. Ƴan kifin ciki ko tsawon ɗan yatsana ba su kai ba, sun kusa cika ƙwarya.
Ya ce, "Ke Nasiba, ba ki ga komi ba, tahi abinki."
Na ce, "Yaya, na gani."

Laraba, 23 Oktoba
Na faɗa wa komite da bakina. An karɓe gidan sauron, an hana Yaya shiga ranar buɗe su. Ardo ya ce da ɗan'uwansa ne, da bai iya ba. Kaina ya yi girma, Allah ya yafe mini.

Juma'a, 15 Nuwamba
Na gaida Yaya a bakin rijiya, ya dubi jakinsa. Sati uku ke nan.

Lahadi, 8 Disamba
A'i ta zo aron turmi, alhali tana da nata. Da ƙyar ta faɗa: tsutsa ta cinye geronsu, dami bakwai kawai suka ɗaure. Tun kaka yaran ba su ga miya mai ɗanɗano ba. Ban sani ba. Ban kuma tambaya ba, wannan ne ya tsaya mini. To amma doka doka ce.

Asabar, 4 Janairu 2025
An buɗe su! Tarwaɗa kamar damtsen mutum. Tsofaffi sun ce rabonsu da irin wannan tun suna samari. Mata na ta guɗa suna kiran sunana, ni kuwa na sha sabon zane ina auna idon koma da yatsuna. Har daga Tasawa masu moto suka zo saye.
Yaya bai fito ba, ko kallo.

Lahadi, 5 Janairu
Na soya mafi girma cikin rabona, na kai wa Yaya da kaina. Yana zaune yana tufka igiya. Na durƙusa na ajiye. Ya kira yara, ya rarraba masu, ya ɗauki kan. Abin da ya ce kawai, "Ashe haka kihin nan ka girma in an bar shi."
Ban ce na yi kuskure ba, don ban yi ba. Sai dai ranar Laraba zan nemi komite ya bar gidan da rumbunsa ya gaza ya riƙa jefa ƙugiya ɗaya, ko tabki na rufe. Kafin nan zan bi gida gida in tambaya.
Da na tashi tafiya, ya ce in gaida yarana.